Ba A Ba Almustafa Ƙwallo

Litinin, 19 ga Oktoba 1964, ƙarfe shida da rabi na yamma

Wannan kaye, littafin rubutun nan, na ƙungiyar ƙwallon kwando ne. Ni Ma'azu, da nake koyar da yara a lakkwal da safe, in horar da manya a filin bayan lakkwal da yamma, na ware shi don rubuta wa ya zo atisaye, wa ya jefa nawa, nawa suka shiga. Yau babu abin rubutawa sai takaici.

Almustafa ya jefa sau goma sha huɗu daga nesa, uku suka shiga. Mutumin da duk Tawa babu mai tsawonsa, wanda in ya je yi wa shanu allura daga nesa makiyaya suke gane shi, ya je ya tsaya can bakin layi kamar mai jiran mota. Na busa usur har leɓena ya yi zafi. Shekara biyu ina gaya masa abu ɗaya: ta nesa maki biyu ce, ta gindin kwando ma maki biyu ce. In dogo ya jefa daga waje ta ƙi shiga, wa ya bari a ƙarƙashin allon kwando da zai cafe ta? Rissa direba, da bai kai masa kafaɗa ba?

Saura kwana goma sha tara 'yan Ƙonni su zo.

Shagon Dodo tela, wan Almustafa, a rufe yake tun ranar Alhamis. Na bi ta bakin kasuwa na gani. Ana raɗa cewa hukuma ta kama Dodo kan siyasa. Wannan ba maganar ƙwallo ba ce, ban san abin da ya sa na rubuta ba.

Laraba, 21 ga Oktoba, bayan magariba

Yau ban ƙirga jifa ba, bayarwa na ƙirga. A cikin awa ɗaya sau biyu aka miƙa wa Almustafa ƙwallo, duka biyun kuma Rissa ne. Sauran da suka zo hannunsa tsintuwa ce: wadda ta kuɓuce wa wani, wadda ta bugi allo ta yo waje. Da idona na ga Lawali, magatakardan nan mai farin takalmi, ya ɗaga kai ya gan shi shi kaɗai a gindin kwando da hannu a sama, ya juya ya ba wanda mutum biyu suka rufe.

Da aka tsaya shan ruwa, ya sha ya ajiye ƙwarya. Ta daɗe a ƙasa kafin wani ya ɗauka. Mutum tara, wasunsu da gemu, kowa ya sami abin gyarawa a igiyar takalminsa. Su ne fa a watan jiya suke cika shagon wansa ranar Lahadi, suna shan shayinsa, suna sa ya rage musu ƙafar wando. Abin ƙyama.

Dokar dogo in yana waje, yadda nake koyar da ita: ya fara duba ko akwai wanda ya fi shi sarari. Ya dubi mai tsaronsa, in ya matso a wuce shi a shiga ciki, in ya ja baya, to. Ya ji ko ƙafafunsa sun zauna. Sannan ya jefa. Almustafa yanzu ko ɗaya ba ya dubawa. Tana taɓa hannunsa ta tashi.

Alhamis, 22 ga Oktoba, da azahar

Balki matata ta kai wa Azumi matar Dodo tuwo. Na ce kada ta sake.

Asabar, 24 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

An kawo takarda lakkwal. Ana nemana ran Litinin ƙarfe tara a wani biro, ofishin hukuma da ban taɓa shiga ba. Darakta da kansa ya miƙo mini ita, yana kallon taga.

Litinin, 26 ga Oktoba, da tsakar rana

Na je. Na dawo.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyar na yamma

Ban je fili ba, na aika cewa kaina na ciwo.

Mutumin da na iske a biron yana da tabarau da murya mai sanyi. Ya tashi ya ba ni hannu, ya kira ni Mushe Ma'azu, wato Malam da Faransanci, ya ce ya ji labarin ƙungiyarmu. Har ya san ƙwallo. Ya ce shi ma a ganinsa dogon mutum wurinsa gindin kwando ne, na ce haka ne, na yi dariya. Dariyar nan ita ce tun ɗazu take dawo mini a maƙogwaro kamar furar da ta kwana.

Na amsa abin da aka tambaye ni. Ban ƙara ba, ban rage ba. Kowa a wurina haka zai yi.

Laraba, 28 ga Oktoba, bayan magariba

Sha ɗaya daga nesa, biyu suka shiga.

Bayan atisaye na tsai da shi. Sauran sun watse da sauri, dama yanzu ba a tsayawa hira. Muka tsaya gindin allo, na fara karanta masa doka daga farko. Ya bar ni har na kai ƙarshe, yana juya ƙwallon a tafin hannunsa.

Ya ce, "Mushe, duk wanga na san shi. In na shiga ciki, wa za ya ba ni?"

Na ce za a ba shi.

"Kwana goma ina shiga ina ɗaga hannu. Ka gani, kai ke riƙe da kaye. A waje aƙalla in ta ɓace wa wani tana iske ni. In na bayar kuma na san ba ta dawowa. To mi zan jira?"

Na ce wannan ba hujja ba ce, jifa mara kyau mara kyau ce ko wa ya yi ta.

Ya ce, "Haka ne." Sai ya miƙo mini ƙwallon, a hankali, har sai da ta taɓa cikina. "Ran Juma'a da aka rasa mutum ka shiga wasa da kanka. Sau biyu muka haɗa ido, ba ka ba ni ba."

Ya ɗauki kekensa ya tura da hannu har ya fita daga filin.

Jifa mara kyau mara kyau ce. A nan dai ban yi ƙarya ba.

Juma'a, 30 ga Oktoba, da la'asar

Rigunan wasanmu Dodo ne ya ɗinka su bara, shuɗi da fari, ya ƙi yarda a kai wa wani tela. A cikin wuyan kowace ya saka 'yar alamarsa da jan zare, kamar yadda yake yi wa duk ɗinkinsa. Yau na raba su don a wanke kafin wasa. Na juya baya ina ɗaure raga, da na waigo na ga reza tana zagayawa hannu zuwa hannu. Kowa ya sunkuya yana tsinke jan zaren. Babu wanda ya sa su. Wani ma ya yanke yatsa garin sauri.

Rissa ya rataya tasa a kafaɗa ya ce shi ba ya aski ran Juma'a. Ba a yi dariya ba.

Tawa rigar tana cikin akwati. Ban duba ta ba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar kasuwa, gari cike da raƙuma da ƙarar jakuna, ni ina ɗaki.

Balki ta sake zuwa gidan Azumi. Ta dawo da kwano a hannu, ba ta ko ɓoye shi cikin zane ba. Na ce ba ta ji abin da na ce ba ne? Ta ce ta ji.

"Malam, yara uku ne a gidan. Maƙwabtanta sun daina ɗaukar mata ko wuta. Kai mi suka yi maka?"

Na ce ba ta san abin da ake ciki ba.

"To mi ake ciki? Tun ran Litinin ba ka cin abinci. Mi ka ce musu?"

Na ce ban ce komai ba. Ta tsaya tana kallona, na ga ba za ta tafi ba. Sai na faɗa mata. An tambaye ni ko Almustafa, in zai fita yi wa shanu allura wajen Barmu da Tabaram, yana ɗaukar wani abu daga shagon wansa. Na ce e, wani lokaci yana ɗaukar ƙunshi.

Ta ce, "Ƙunshin riguna. Na mutanen ƙauye da suka ba da ɗinki. Har da na ƙanena ya taɓa kai wa."

Na ce na sani.

"Ka gaya musu riguna ne?"

Na ce ba a tambaye ni ba.

Ta ajiye kwanon a ƙasa ta fita tsakar gida. Na ji ta tana wanke shi, ta daɗe tana wanke kwano ɗaya.

Talata, 3 ga Nuwamba, bayan magariba

Lawali ya zo gida da wasu biyu. Sun zauna a zaure, sun yi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar kakata da ta rasu shekara shida. Sannan Lawali ya ce ba don komai ba ne, don ƙungiya ne: Almustafa ya lalace da jifar nesa, yana zubar mana da maki, gara a ajiye shi ran Asabar. Ya ce ai ni ma kullum abin da nake faɗa ke nan.

Da maganata ya zo, da bakina. Na ji kamar in tofa yawu a tabarmata.

Na ce zan duba. Haka na ce, zan duba. Na raka su har ƙofa.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, da safe

Na rubuta sunansa a takardar 'yan wasa. Na soke. Na sake rubutawa a ƙasa, can ƙarshe.

Asabar, 7 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Ƙonni arba'in da ɗaya, mu arba'in. Ba zan iya rubutu yau ba.

Lahadi, 8 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

An shimfiɗa kujeru a gefen fili don manyan baƙi. A ta gaba akwai mai tabarau. Ban san wanda ya gayyace shi ba. Ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa.

Na bar Almustafa a benci duk rabin farko. Zan iya cewa dabara ce, amma wa zan ruɗa a cikin kayena? 'Yan Ƙonni suka riƙa kwashe duk wadda ta dawo daga allo, suna da wani ƙato mai faɗin ƙirji da babu mai iya ture shi. Aka tafi hutu suna gaba da sha ɗaya. 'Yan kallo na bayan igiya, mahauta da masu gyaran keke da ba su da biro balle su ji tsoron rasa shi, suka fara kiran "Dogo, Dogo". Su suka sa shi a wasa, ba ni ba.

Ya shiga, kuma ya shiga ciki. Ban taɓa ganin ya yi wasa haka ba. Ba a ba shi, sai ya riƙa ɗauko ta da kansa daga saman kan ƙaton nan, ya mayar. Rissa yana kutsawa tsakanin mutane kamar ɓera yana cilla masa. Sau ɗaya kawai ya jefa daga nesa, kuma a daidai: mai tsaronsa ya ja baya, ƙafafunsa sun zauna. Ta shiga ko zobe ba ta taɓa ba.

Saura ƙasa da minti ɗaya, suna gaba da maki ɗaya. Suka taru su uku a gindin kwando don su hana shi shiga, sai ya fito waje, gefen dama. Rissa ya ba shi. Mai tsaronsa yana nesa da shi taki biyu. Na ga ya gyara ƙafa, na ga ya ɗaga ta zuwa goshi. Ganin haka su ukun suka yo kansa a guje, gindin kwando ya zama fayau, sai Lawali shi kaɗai a tsaye.

Ya duba, kamar yadda na koya masa. Ya ga wanda ya fi shi sarari. Ya sauke ta ya cilla wa Lawali, a miƙe, daidai ƙirji. Yaro na aji uku zai kama ta.

Lawali ya janye hannuwansa. Na gani, duk wanda yake gefena ya gani. Ya kalli wajen kujeru, ya janye hannu kamar garwashi aka jefo masa. Ta wuce shi ta bugi sandar allo ta gangara waje. Aka busa usur.

Daga baya ya ce rana ce ta shiga idonsa. Ranar tana bayansa.

Almustafa ya je ya gaisa da 'yan Ƙonni ɗaya bayan ɗaya. Su ba su san komai ba, suka riƙa rungumarsa, ƙaton nan har ya ɗaga shi sama. Namu suna can suna neman takalmansu.

Laraba, 11 ga Nuwamba, da azahar

An karɓe wa Rissa makullin mota. Ba a ce masa don me ba.

An mai da Almustafa can arewa, wata rijiyar makiyaya da ko sunanta ban iya faɗa daidai ba, kwana biyu a mota. Jibi zai tashi. Dodo kuwa an ce an wuce da shi Yamai, wasu sun ce ba Yamai ba.

Atisaye yau, mutum shida. Sun yi ta ba juna ƙwallo cikin raha. Na tsaya da usur a baki ban busa ba ko sau ɗaya.

Juma'a, 13 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na je tasha. Sau biyu na wuce ta gabanta kamar mai zuwa wani wuri kafin in shiga. Almustafa yana zaune kan akwatin alluransa a inuwar babbar mota, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Rissa yana sama yana ɗaure masa keke.

Ya ce, "Mushe, ka zo."

Na tsuguna. Na ce akwai abin da nake so in gaya masa game da ran da aka kira ni.

Ya ce, "An karanta mini. Naka layi ɗaya ne. Na Lawali shafi biyu."

Na ce mu nawa aka kira?

"Duk ku. Kowa shina tsammanin shi kaɗai ne. Rissa ne kawai ya ce musu shi mota ya sani, sai taya."

Na ce ban faɗi ƙarya ba.

"Ba ka faɗi ƙarya ba. Ka san riguna ne?"

Na ce na sani.

Ya gyaɗa kai, ya kalli ƙasa. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Bai zage ni ba. Can ya ce akwai abin da shi ma yake so ya tambaye ni, tun ran Asabar yake juya shi.

"Waccan ta ƙarshe. Da na jefa?"

Na ce abin da ya yi shi ne daidai. Duk wanda ya san ƙwallo haka zai ce. Mutum a sarari gindin kwando ya fi jifa daga nesa, ko a ina.

"Ban tambaye ka doka ba, Mushe."

Yaran mota suka fara kiran fasinja. Na ce, da ka jefa.

Ya ce, "Ni ma haka na gani." Ya miƙe, ya ɗauki akwatin. Ya ba ni hannu, na kama. Rissa ya sauko ya wuce ta gabana bai gaishe ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Litinin, 16 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Wata takardar ta zo. Alhamis, ƙarfe tara. A kan Rissa ne, ba sai an gaya mini ba. Na san ya ɗauki Azumi a motar aiki ya kai ta neman labarin mijinta, don ni da kaina na gan su a hanyar fita gari.

Talata, 17 ga Nuwamba, da la'asar

Balki ta tambaye ni abin da zan ce. Na ce ban sani ba. Gaskiya ce. Shekarata talatin da ɗaya, ina koya wa 'ya'yan mutane tarbiyya kowace safiya, kuma ban san abin da bakina zai yi jibi ba. Duk ƙyamar da na rubuta a kan Lawali a kayen nan, ban ga inda na fi shi ba sai dai shi an gan shi a fili.

Alhamis, 19 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Na sha koko. Na sa riga.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe uku na rana

Awa huɗu. Mai tabarau ya tambaya ta gaba, ya tambaya ta baya, ya fita ya bar ni ni kaɗai, ya dawo ya sake daga farko. Na ce ban gani ba. Na ce ban sani ba. Da ya koma kan Almustafa na ce ƙunshin nan riguna ne, ɗinkin mutanen ƙauye, na ce masa ya rubuta. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba. Na ce ya rubuta duk da haka. Ban ga ya rubuta ba.

Ba jarumta na yi ba. Sau ɗaya saura kaɗan in faɗa. Kuma na makara da mako uku, babu wanda wannan zai dawo da shi daga arewa.

Da zan fita ya cire tabarau yana gogewa, ya ce ya ji lakkwal ɗin Tabaram tana neman malami, kuma ya ji ni mutum ne mai son ƙauye. Kafin in iso gida takardar canjin wurin aikina ta riga ni zuwa wurin darakta. Ƙarshen wata za mu tashi.

Na iske Balki tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaya mata duka, a tsaye. Ba ta ɗago ba sai da ta gama abin da ke cikin rariya.

Ta ce, "Akwai ruwa a garin?"

Na ce an ce rijiya ce, mai zurfi.

Ta ce, "To ka nemo igiya mai tsawo kafin mu tahi." Ta tura mini kujera da ƙafa, ta ce in zauna in ci abinci.